Itacen Rai a Hannun Masu Zane na Yahudawa

Karatu: Farawa 2:8-9, 3:22-24, Karin Magana 3:13-18, Wahayin Yahaya 22:1-5

  In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, na Hausa ne ko na harshenku, ku sa alama a wuraren da muka ambata, domin ku karanta su tare da iyali bayan an gama shirin.

Yau za mu yi magana a kan wani itace. Sunansa ya fito a sura ta biyu ta Littafi Mai Tsarki, ya sake fitowa a sura ta ƙarshe. Shi ne itacen rai. Yahudawa, waɗanda aka fara danƙa wa Attaura da Annabawa, suna kiransa Ets Hayim da Ibraniyanci, kuma har wa yau masu zane a cikinsu suna zana shi a kan takarda, da ƙyalle, da gilashin taga. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma rediyo ba ya nuna hoto. Saboda haka za mu bayyana muku zanen da baki, ku kuwa ku gani da zuciya.

Wani zai ce, ina ruwanmu da zanen mutanen wata ƙasa? Ga dalili. A cikin masu jinmu yanzu akwai waɗanda suka gudu suka bar amfanin gona a tsaye. Akwai waɗanda aka ƙone musu gida da ɗakin sujada. Akwai gwauraye da marayu. Akwai tsofaffin da ke duban jikokinsu suna tambaya a zuci, anya gidan nan zai sake tsayawa? Mutanen da za mu ba ku labarinsu sun yi wannan tambaya cikin wahalar da ta wuce faɗa, kuma abin da suka zana yana komar da mu ga Littafin da ke hannunmu.

ITACEN A CIKIN LITTAFI

Farawa sura 2 ta gaya mana Ubangiji Allah ya dasa gona a Aidan. A cikin itatuwan gonar, biyu ne aka faɗi sunansu, wato itacen rai da itacen sanin nagarta da mugunta. Na biyun aka hana. Na farkon ba a hana shi ba, sai bayan da Adamu da Hawwa'u suka yi rashin biyayya. Sa'an nan aka fitar da su, aka sa kerubobi da takobin wuta su tsare hanya. Mu lura da kyau, 'yan'uwa. Ba a sare itacen ba, ba a kuwa ƙone shi ba. Hanyar zuwa wurinsa aka rufe. Ko cikin wannan hukunci ma akwai jinƙai, gama da mutum ya ci 'ya'yansa yana cikin zunubi, da ya dawwama cikin lalacewarsa har abada.

Daga nan ba mu sake jin sunan itacen ba sai a Karin Magana, inda ya fito sau huɗu. A 3:18 hikima aka kira itacen rai ga wanda ya riƙe ta. A 11:30, amfanin da zaman adali ke haifarwa. A 13:12, buri da aka daɗe ana jira sa'ad da ya cika. A 15:4 kuma, harshe mai warkarwa. Annabi Ezekiyel, yana zaman bauta a Babila, Haikali kuwa yana kango, ya ga kogi yana ɓuɓɓugowa daga Haikali, a gaɓarsa itatuwa suna 'ya'ya kowane wata, ganyensu kuma magani ne (47:12). Yahaya a tsibirin Batmusa ya ga cikar wannan a sabuwar Urushalima.

SANDUNA BIYU NA ATTAURA

Domin mu gane abin da mai zane Bayahude yake nufi in ya zana itace, sai mu leƙa majami'arsu ran Asabar. A can ana ajiye littattafan Musa biyar a rubuce da hannu a kan fata, aikin da yakan ci wa marubuci wajen shekara guda. Ana ɗinke fatun, a naɗe su a jikin sanduna biyu na katako. Kowace sanda, sunanta itacen rai. Ba a taɓa rubutun da yatsa. Wanda aka kira gaba domin karatu, sandunan nan yake kamawa. In an gama, a ɗaga littafin sama kowa ya gani, kuma sa'ad da ake mayar da shi ma'ajinsa, jama'a sukan rera ayar nan ta Karin Magana 3:18. Cikin shekara guda sukan karance littattafan biyar, ranar da suka kai ƙarshe kuwa, a ranar suke komawa Farawa. Yaro in ya kai shekara 13 akan kira shi ya kama sandunan da hannunsa.

Ashe ga Bayahude mai ibada, itacen rai Maganar Allah ce tun kafin ya zama wani abu dabam. Ƙofar Aidan tana rufe, amma Allah bai bar mutum hannu wofi ba, ya ba shi abin da zai riƙe. Ku tuna kuma da alkukin zinariya na alfarwar sujada a Fitowa sura 25. Yana da gindi, da rassa shida, uku a kowane gefe, da toho, da furanni. Siffar itace ce mai ba da haske a gaban Ubangiji.

Wataƙila wani dattijo yana tambaya, ba doka ta hana yin siffofi ba? Abin da Fitowa 20 ta hana shi ne a yi siffa a durƙusa mata. Allahn da ya ba da wannan doka, shi ne ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin gwaninta (Fitowa 31), kuma a bangon Haikalin Sulemanu an sassaƙa itatuwan dabino da furanni (1 Sarakuna 6:29). Makarantar koyon zane da aka kafa a Urushalima a 1906, sunan Bezalel aka ba ta.

Shi ya sa itacen nan ya cika gidajensu. Ana saƙa shi a jikin labulen ma'ajin Attaura. Takardar alkawarin aure, wadda suke kira ketuba, akan ba mai zane ya ƙawata ta, ma'aurata su rataye a bango, kuma itacen rai yana cikin zanen da aka fi zaɓa a zamanin nan. Sau da yawa itatuwa biyu ne, rassansu sun sarƙe sun zama inuwa ɗaya.

ITACEN DA AKA SARE

A tsofaffin makabartun Yahudawa na gabashin Turai, in ka ga an sassaƙa karyayyen itace a kan dutsen kabari, alama ce mai kabarin ya mutu kwanansa bai yi nisa ba. A ƙarni na 20 wannan alama ta zama hoton al'umma ɗungum. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Hitila ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawa wajen miliyan 6, a cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi.

Ɗaya daga cikin yaran da suka tsira shi ne Samuel Bak. An haife shi a 1933 a birnin Vilna, wanda yau shi ne Vilnius, babban birnin Lituweniya. Saboda yawan malamai da makarantun Attaura, Yahudawa suna yi wa birnin kirari da Urushalima ta Lituweniya. Sojojin Jamus suka shigo a 1941, suka cusa Yahudawa cikin wata unguwa da aka killace. A cikin unguwar nan aka fara nuna wa jama'a zanen yaron, yana da shekara 9. Kakanninsa huɗu duka an kashe su a dajin Ponari da ke bayan gari, inda aka harbe Yahudawa wajen 70,000. Mahaifinsa ya fitar da shi daga sansanin aikin tilas a ɓoye cikin buhun dusar katako, shi da mahaifiyarsa suka sami mafaka a gidan sistocin Katolika. Mahaifin kuwa an harbe shi a watan Yuli na 1944, saura kwanaki kaɗan sojojin Tarayyar Sobiyet su karɓi birnin. A 1948 uwa da ɗa suka isa Isra'ila, ya shiga makarantar nan ta Bezalel, a 1993 kuma ya koma Amurka da zama.

Itatuwa suna da yawa a zanensa, amma ba irin na takardar aure ba. Za ka ga itace an yanke shi a tsakiya, kansa yana shawagi a sama, kututturensa yana ƙasa, ba abin da ya haɗa su. Wani an tumɓuke shi, saiwoyinsa a fili. Wani an tokare shi da katakai kamar tsohuwar rumfa. Allunan Dokoki Goma ma yakan zana su a farfashe, an yi musu faci. Abin mamaki, sau da yawa ganye yana nan a jikin rassan.

Mutumin nan bai ɓoye wurin da gatari ya sauka ba. A nan akwai koyarwa dominmu. Wani lokaci a ikilisiya mukan gaggauta share wa mai makoki hawaye, mu ce masa ya yi shiru, kamar kuka rashin bangaskiya ne. Amma Littafi Mai Tsarki yana da Makoki, yana da zabura masu tambayar Allah har yaushe. Ayuba, cikin zafin ciwonsa, ya ce itace ma ya fi mutum sa'a, gama in an sare shi yakan sake toho da zarar ya ji ƙanshin ruwa, sa'an nan ya yi tambaya ko mutum in ya mutu zai sake rayuwa (14:7-14). Zanen Bak yana tsaye daidai a kan tambayar Ayuba. Allah bai kori Ayuba saboda tambayar ba.

Kowane manomi a cikinmu ya san abin da Ayuba ya gani. Ka sassabe gona, ka sare kalgo ƙasa-ƙasa, ruwan fari yana sauka sai ga tofo. Muddin saiwa tana da rai, sara ba ya gama da itace. Ishaya ya ga gidan Dawuda ya zama kututture, ya ce daga kututturen Yesse reshe zai fito (11:1). A 2017 aka buɗe gidan ajiye zanen Samuel Bak a Vilnius, birnin da aka fitar da shi cikin buhu.

ITACEN DA YA YI FURE

Mai zane na biyu ya girme shi da yawa. Sunansa Marc Chagall, ana faɗin sunan Shagal. An haife shi a 1887 a yankin Vitebsk, a lokacin ƙarƙashin sarkin Rasha, yau kuwa cikin ƙasar Belarus. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara, ubansa yana ɗaukar gangunan kifi a wurin wani ɗan kasuwa. A gida Yidish suke yi, harshen da hukuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, a makarantar gwamnati kuwa sai Rashanci. Da yawa a cikinmu mun san irin wannan zama. Labaran Ibrahim da Musa da Dawuda tun yana ƙarami ya koye su, kuma ba su rabu da shi ba har mutuwarsa a 1985. A 1931 ya tafi Ƙasa Mai Tsarki domin ya ga tuddanta da idonsa kafin ya zana labaran Littafi, zane 105 da aka buga a 1956.

A daren 9 ga Nuwamba 1938 aka cinna wa ɗaruruwan majami'un Yahudawa wuta a Jamus. A shekarar nan Shagal ya yi wani zane da yake birnin Shikago a yau. A tsakiya Yesu ne a kan gicciye, ɗaure a gindinsa da mayafin addu'a irin na Yahudawa. Kewaye da shi majami'a tana ci da wuta, gidaje sun kife, jirgin ruwa cike da 'yan gudun hijira, uwa ta ƙanƙame jaririnta. A ƙarƙashin gicciyen alkuki yana ci. A kusurwa ɗaya ga wani mutum yana gudu, bai ɗauki tukunya ko tabarma ba, naɗaɗɗen littafin Attaura ya rungume. Ku tuna sunan sandunan da ke jikin littafin. Gari yana ƙonewa, shi kuwa itacen rai ya ɗauka.

Shi kansa Shagal ya tsere daga Faransa zuwa Amurka a 1941. A shekarar aka hallaka Yahudawan da suka rage a Vitebsk. Matarsa Bella ta rasu a 1944. Ya koma Faransa a 1948, kuma da tsufansa ya shiga aikin tagogi masu gilashi mai launi. Ya yi tagogi 12 na kabilan Isra'ila a majami'ar asibitin Hadassa a Urushalima a 1962. Ya kuma yarda ya yi wa ɗakunan sujada na Kirista, har da wani a birnin Mainz na Jamus daga 1978, a ƙasar mutanen da suka kashe danginsa.

A 1976, yana dab da shekara 90, aka kafa wata babbar tagarsa a wani tsohon ɗakin sujada a garin Sarrebourg, gabashin Faransa, yankin da Faransa da Jamus suka yi ta ƙwace wa juna da yaƙi. Tsawon tagar mita 12, faɗinta mita 7 da rabi. Ana kiranta Salama, ana kuma kiranta Itacen Rai. A tsakiya itace ne da ya buɗe kamar dami na furanni, ja da shuɗi da kore. A cikin furannin ga Adamu da Hawwa'u. Mutanen da aka kora daga gona, tsohon ya mayar da su tsakiyar itacen. A gefe ga wahayin Ishaya na salama, ga kuma Almasihu a kan gicciye.

Mu yi hankali a nan, kada mu sa masa magana a baki. Shagal bai zama Kirista ba. Ya dubi Yesu a matsayin Bayahude mai shan wuya, ɗan'uwan mutanensa da ake tsananta wa. Mu kuwa da muke karanta Sabon Alkawari, in muka ga gicciye kusa da itacen rai, zuciyarmu takan tafi ga abin da manzanni suka yi wa'azinsa. Bitrus ya kira gicciye itace (Ayyukan Manzanni 5:30), ya ce a kansa Yesu ya ɗauki zunubanmu a jikinsa (1 Bitrus 2:24). Bulus ya ce a kan itacen nan ya ɗauki la'anar da ke kanmu (Galatiyawa 3:13). Ta wurin itace aka rufe hanya, ta wurin itace kuma aka buɗe ta. Mutum na farko da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi da bakinsa ɗan fashi ne da ke rataye kusa da shi, wanda ba shi da wani aikin kirki da zai nuna (Luka 23:43). Wannan shi ne alheri.

RESHE DA SAIWA

Akwai gargaɗi da ya wajaba mu ji. A Turai, ɗaruruwan shekaru kafin Hitila, mutane masu ɗauke da sunan Almasihu sun yi ta koyar da cewa Yahudawa la'anannu ne, suna korarsu daga gari zuwa gari. Wannan koyarwa ta share wa kisan fage. Amma Yesu Bayahude ne, Maryamu Bayahudiya ce, haka manzanni duka. A Romawa sura 11 Bulus ya kwatanta Isra'ila da itacen zaitun na gida, mu al'ummai kuwa reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikinsa. Duk wanda ya taɓa yi wa mangwaro aure ya san reshen da aka ɗaura ba shi ne yake ciyar da saiwa ba, saiwa ce take ɗauke da shi. Saboda haka Bulus ya ce kada mu yi fariya. Wannan ba maganar goyon bayan wata gwamnati ba ce. Magana ce ta tawali'u a gaban Allah, wanda yake ƙaunar Bayahude da Balarabe da mu duka. Wanda ya san shi reshen jeji ne da aka yi wa jinƙai, ba zai raina wata kabila ba.

'YA'YAN ITACEN

A ranar Asabar 27 ga Oktoba 2018, wani mutum mai ƙin Yahudawa ya shiga wata majami'a a birnin Pittsburgh na Amurka da bindiga, ya kashe mutum 11 da suka zo sujada. Sunan majami'ar Itacen Rai. Yawancinsu tsofaffi ne, babbarsu tana da shekara 97. 'Yan sanda suka raunata maharbin, aka kai shi asibiti, kuma cikin waɗanda suka yi jinyarsa akwai Yahudawa. Shugaban asibitin ma ɗan majami'ar ne. Musulmin Amurka suka tara kuɗi domin taimakon iyalan da aka yi wa rashi. Shari'a ta yi aikinta, aka yanke wa mai laifin hukunci a 2023. A 2019 kuma aka lulluɓe shingen da ya kewaye ginin da zane-zanen yara da matasa.

Yesu ya ce da 'ya'yansa ake gane itace. Neman shari'a daidai ne, kuma Allah yana ƙin zub da jinin marar laifi. Amma hannun da ya ɗaure raunin maƙiyi ya nuna inda saiwarsa take shan ruwa.

A GIDANMU FA?

Bari mu kawo maganar gida. Karin Magana ta ce itacen rai na masu riƙe shi ne. Maigida, yaushe rabon da 'ya'yanka su ga Littafi a buɗe a hannunka? Tun 1932 aka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, yau kuma harsuna da yawa na ƙasarmu suna da Sabon Alkawari nasu. In akwai na harshenku, ku saya, ku koyi karanta shi, ko da da farko yana yi muku nauyi a baki. In ba a riga an fassara ba, a karanta da Hausa, uwa ko kaka ta bayyana da harshen gida. Ku miƙa wa yaro Littafin ya riƙe da hannunsa ya karanta aya ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gida yana iya ƙonewa, rumbu yana iya ƙonewa, amma abin da aka shuka a zuciyar yaro, da shi zai yi gudu.

Sai maganar harshe. Harshe mai warkarwa ma itacen rai ne. Yaranmu suna jin abin da muke faɗa da dare a kan waɗanda suka cuce mu. Mu faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, mu ambaci sunayen waɗanda muka rasa, kamar yadda Bak bai ɓoye wurin sara ba. Amma kada mu bar musu gadon ƙiyayya. Yaron da aka shayar da ɗaci tun yana goye, ɗaci zai haifar.

Kai kuma da ka gaji da jira, ke da kike ƙirga shekaru a garin da ba naki ba, Littafi ya san cewa dogon jira yakan sa zuciya ciwo. Bai ce ciwon ƙarya ne ba. Ya ce akwai ranar cikawa. A Wahayin Yahaya 22 itacen rai yana gaɓar kogi a tsakiyar birni, ba mai tsaro da takobi, yana ba da 'ya'ya kowane wata, ganyensa kuma domin warkar da al'ummai ne. A sura 7 Yahaya ya ga taro daga kowace kabila da kowane harshe a gaban kursiyin. Ko masu jin harshenku ba su wuce ƙauyuka biyar ba, akwai ganye dominku a jikin itacen nan.

Ya mai sauraro, in ba ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba, hanyar tana buɗe yau. Ba da ƙarfinka za ka wuce kerubobi ba. Shi ya riga ya biya. Ka tuba, ka karɓe shi, ka nemi fasto ko wani mai bi kusa da kai ya taimake ka.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba ka sare itacen rai ba, ka kuwa buɗe mana hanya ta wurin gicciyen Ɗanka. Ka dubi gidajen da gatari ya sauka a kansu, ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka sa kututture ya yi toho. Ka ba mu hannuwan da za su riƙe Maganarka, da harshen da zai warkar. Ka tsare mu daga fariya da ramuwa. Ka yi wa Yahudawa jinƙai, da maƙwabtansu, da dukan al'ummai, har ranar da za mu taru a gindin itacen nan. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN SUJADAR IYALI

1. Ku karanta Farawa 3:22-24 da Wahayin Yahaya 22:1-5. Me ya sake tsakanin wuraren biyu, wa kuma ya sake shi?

2. Cikin ayoyi huɗu na Karin Magana da suka ambaci itacen rai, wacce ce gidanku ya fi bukata a wannan mako?

3. In da za ku bar gida cikin gaggawa, waɗanne ayoyi ne kowa a cikinku ya haddace da zai tafi da su?

4. Ku karanta Romawa 11:17-21. Akwai wata kabila da ake raina ta a hirar gidanku? Me za ku yi a kai?

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.